Ranar da Gayya Ta Kayar da Digiri

Idan aka zo rubuta tarihin kimiyya a ƙasar nan, wajibi ne a ware babi guda saboda gonar kawuna da ke 'Yargoje. Ni dai har a mayar da ni ƙasa ba zan manta da abin da ya faru a cikinta ba.

A shekarun da kuɗin man fetur suka yi wa gwamnati yawa, ina koyarwa a Ƙanƙara, sai wani abokin karatuna ya dawo daga Turai da digirin dakta da kuma buri guda: jami'ar da yake aiki ta buɗe digiri a fannin mutum-mutumi, wato injin da ke aiki da kansa. Manyan jami'a suka ce ba su ƙi ba, amma sai sun ga ɗaya da idonsu. Ya yi wata bakwai yana haɗa wani abu mai taya uku da batirin mota, da fartanya a hannu, wanda ya rantse zai yi noma. Abin da ya roƙe ni kawai shi ne in samo masa gonar da ciyawa ta ci.

Ban sha wahala ba, domin a gonar dawar kawuna akuya ma sai ta ɓace. Ya amince nan take. Kuskurena ɗaya: na gaya masa farfesoshi ne za su zo.

Ranar gwajin muka iso da mota biyu, farfesoshi uku suna ta karkaɗe riguna saboda ƙurar hanya. Muka tarar da gona fes, kamar an share ta da tsintsiya. Ashe jiya kawu ya kira gayya, samarin gari da makaɗinsu suka nome ta tas.

Na ja shi gefe na ce, "Baba, ina ciyawar?"

Ya dube ni kamar ban yi makaranta ba. "Manyan baƙi su zo su iske gonata kamar ta mamaci? To mi za a ce da gidanmu?"

Dakta ya daure ya kunna injin. Ya yi gurnani, ya nemi ciyawa ya rasa, sai ya tuge dawa uku. Babban farfesa ya tambayi kawu yaushe aka gama aikin, kuma me ya ci. Kawu ya ce kafin azahar, da tukunyar kunu biyu da goro. Farfesa ya rubuta wani abu a takarda, ya rufe biro a hankali. Har Dakta ya yi ritaya ba a buɗe digirin ba.

Tun daga nan na koyi cewa in kana buƙatar ciyawar mutum, kada ka faɗa masa wanda zai zo kallonta, domin Bakatsine zai ba ka gonarsa, amma ba zai ba ka kunyarsa ba. Batirin kuwa, kawu ya yi shekara biyu yana jin rediyo da shi.