Babbar Rigar Baba Haladu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka wata baƙuwa 'yar Brazil zuwa ƙauyen Toranke ba, don tafiyar ce ta ci mini aikina. Kuma wallahi har gobe ban yi nadama ba.

Lokacin ina mai ɗaukar hoto a wata ƙungiya mai tallafa wa manoma, ofishinmu yana Gaya. Ƙaramin ma'aikaci ne ni, ɗan kwantiragi, duk ƙarshen shekara sai manaja ya sa hannu ake sabunta mini. Tsarin aikin shi ne mu je ƙauye, mutum ya dangwala yatsa a takardar amincewa, in ɗauke shi, a haɗa hoton da rahoto a tura wa masu ba da tallafi a waje. Akwai kuma dokar da ba a rubuta ba: kafin mu je, ana aika wa mai unguwa cewa kada kowa ya sa kayan kirki. A cewar manaja, yagaggiyar riga ce ke sa Bature ya tausaya.

Baƙuwar sunanta Luiza. Ta yi shekaru tana ɗaukar hoton masu tallan sutura don mujallu, daga baya ta koma ɗaukar manoman da manya suka kora daga gonakinsu, tana liƙa hotunan a bangon birni. Har kulle ta an taɓa yi a kan haka. Ni aka sa in yi mata tafinta.

Ƙarshen damina ne. Wanda za mu ɗauka shi ne Baba Haladu, dattijon da kwazazzabo ya cinye wa rabin gona. Muna tsaye a bakin ramin sai ga shi ya taho cikin shuɗiyar babbar riga mai aiki, hula a kafe, ƙamshin turare ya riga shi isowa. Raina ya ɓaci. Na ja shi gefe na ce, "Haba Baba! Saƙo bai iso muku ba?"

Ya ce, "Ya iso, ɗana. Amma an ce hoton nan ƙasar da ban taɓa zuwa ba za a kai shi. Ni kuwa ban taɓa zuwa gidan mutane da tsumma ba. Gonata ruwa ya ci, ba ni ya ci ba."

Luiza ta tambaye ni me ya ce. Na so in yi mata kwana-kwana, sai na ji kunyar tsohon, na fassara mata tiryan-tiryan. Kai, ku zo ku ga murna! Ta miƙo mini wani farin faifai mai mayar da hasken rana, ta tsayar da Baba a bakin kwazazzabon, ta sa aka gyara masa naɗin riga a kafaɗa. Kusan awa guda muna jiran rana ta karkata, hannuna har ya sage. Da hoton ya fito, ga dattijo tsaye kamar ango, ga rami hangame a bayan ƙafarsa. Ni da nake taƙama da kyamara, sai da na sara mata.

Bayan ta tafi, manaja ya kira ni ofis. Ya ce, "Sabi'u, wa zai taimaki mai irin wannan rigar? Ka koma ran Litinin ka sake ɗaukarsa yadda muka saba."

Na ce, "Yallaɓai, shi fa haka ya zaɓa."

Ya ce, "To kai ma ka zaɓa. Takardar kwantiraginka na kan teburina."

Ina da iyali, don haka ran Litinin na hau babur na koma. Na iske Baba a gona yana ɗaure dammunan dawa, cikin 'yar shara duk ta yayyage, gumi ya jiƙa shi, ƙafa ba takalmi. Daidai hoton da manaja ke nema ke nan. Takardar amincewa kuwa tuni ya dangwala. Dannawa ɗaya ce tsakanina da kwantiragina, kuma har na kai hannu bakin jakar kyamara.

Ya ɗago ya gan ni, ya washe baki. "A'a, ɗana, ka dawo? Tsaya in je gida in sa riga."

Na zare hannuna. Na ce, "Yi zamanka, Baba, gaisuwa kawai na zo."

Na kama masa ɗaurin dami biyu, na juyo Gaya na shaida wa manaja ba zan ɗauka ba, ko yau ko gobe. Ƙarshen shekara bai sa hannu ba. Na sha wuya, ba zan ɓoye muku ba, kafin in buɗe shagon hoton nan da kuke koyon aiki a ciki.

To ku ji da kyau. Takardar da mutum ya dangwala izinin ɗaukarsa ta ba ku, ba izinin tozarta shi ba. Kafin ku ɗaga kyamara ku tambaye shi ko ya shirya. In ya ce ku tsaya ya sa riga, ku tsaya, ko da rana za ta faɗi a kanku.