Hoton Inna Tabawa a Tibiri

Dogon Dutsi

Da asuba muka haɗu bakin lakwal, makarantarmu ta boko, mu huɗu ƴan ajin ƙarshe, da malaminmu na zane, Mushe Ango, kamar yadda ake kiran malamai da Faransanci. Ya aro akwatin ɗaukar hoto wurin wani likita, ya ce kowanenmu hoto biyu gare shi, babu ƙari. Kamiyo, babbar motar dakon gyaɗa, ya ɗauke mu. A bakin gari ɗan sandan kumandan, Baturen mulki, ya tsai da mu yana tambayar abin da ke cikin akwatin. Da ya leƙa ya ga direba ya koma ɗan mitsitsi, sai ya yi dariya ya ba mu hanya.

Kore Mai Ruwa

Da hantsi muka sauka, muka sha fura. Mushe bai bari mun taɓa akwatin ba. Kwali ya ba kowa, mai huda a tsakiya, ya ce mu yi ta kallon gari ta ciki: ina haske ya faɗi, ina inuwa ta kwanta, me ya rinjayi wani. Ban taɓa sanin rumbu yana da kyau ba sai ran nan. Da ya ba mu akwatin, na ɗauki rumbuna, na ɗauki rijiya, nawa suka ƙare, na sauran mazan ma haka. Hadiza, mace ɗaya a cikinmu, ɗaya kawai ta ɗauka.

Tibiri

Washegari muka ƙarasa a kan jakai. Wata tsohuwa, Inna Tabawa, ta sauke mu, ta yi mana tuwon gero da miyar kuka. Muna ci ta gaya wa Mushe cewa an ɗauki ɗanta Ɗan Jimo soja, damina ta yi ta zagayowa bai dawo ba. Ta ji an ce hoto yana zuwa inda mutum yake. Tana so ya ga tana raye.

Hoto ɗaya ya rage, na Hadiza. Muka ce Mushe ya ɗauka da kansa kada a ɓata. Ya ƙi.

"Nata ne. Ku ba ta wuri."

Hadiza ta zagaya gidan da kwalinta, ta jira rana ta yi sanyi, sannan ta zaunar da tsohuwar a ƙarshen tabarma, bakin ɗakin ɗan. Na raɗa wa Hadiza cewa ta matso da ita tsakiya, rabin hoton zai tafi a banza.

"Ba a banza ba," in ji ta. "Wurin zamansa ne na bar masa."

Mushe ya leƙa, ya daɗe, bai gyara komai ba. Ta danna.

Komawa

Kamiyo muka samu har gida, muka iso bayan la'asar. Da aka wanko hotunan daga Yamai, rijiyata ta fito a karkace, amma na Hadiza ya fito tas. Mushe ya zagaya da shi aji, sannan ya aika wa Ɗan Jimo da shi ta hannun wani tsohon soja.

Bayan girbi saƙo ya zo daga Tibiri: Ɗan Jimo ya gani, ya aiko wa uwarsa cewa kada a naɗe tabarmar. Allah ya saka wa Mushe Ango da alheri, ya jiƙan Inna Tabawa da ta ciyar da mu.