Basudaniya Mai Majigi a Gidana na Mafara

A shekarun da ake ginin madatsar ruwa ta Bakolori ina koyarwa a firamare a Talata Mafara. Mijina ya rasu ya bar mini gida, akwai ɗaki guda da babu kowa ciki, shi ya sa da wata baƙuwa ta zo neman masauki aka turo ta wurina.

Basudaniya ce, doguwa, ta girme ni kaɗan. A Masar ta koyi aikin fim, aure ya kawo ta Kaduna, da auren ya mutu ta ƙi komawa gida. Ta zauna tana yin majigin rigakafi da na takin zamani, irin wanda ake haskawa a bangon makaranta. Yanzu masu aikin dam sun ɗauke ta ta yi musu fim ɗin ci gaban aiki, kuma da sunan wannan aikin aka sabunta mata takardar zama a ƙasa. Hausarta na tafe da Larabci a gindinta. Ina ce mata Yaya, tana ce mini Malama.

Da farko katafila take ɗauka, da bangon siminti, da Turawa masu hular ƙarfe. Sai wata Asabar ta roƙe ni in raka ta Maradun, don ta ji an ce akwai matan da aka tasa daga gidajensu aka kai su kan tudu. Namiji ba ya shiga wurinsu, ita kuma ba ta kama Hausar tsofaffin Zamfara sosai. Na bi ta. Wata tsohuwa ta nuna mana tukwanen da ta ɗebo daga tsohon gari, tana faɗin yadda kukar ƙofar gidansu ta nutse, saura kanta kawai ake hangowa. Yaya ta ɗora kyamara a kafaɗa, ba ta katse ta ko sau ɗaya ba. A hanyar dawowa ta ce mini wannan ne fim ɗin da ta zo yi, ba ta sani ba sai yau.

Daga nan kusan kowace Asabar muna hanya. Mun je Bakura mun ga fadamar da aka baje da katafila, an haɗe iyakokin gonaki har mutum bai iya nuna inda ta ubansa ta tsaya. An hana shuka ana jiran ruwan da bai iso ba, damina na wucewa, rumbuna na ƙarewa. Ranar wata kasuwa manoma suka taru a gindin tsamiya suna shawarar abin yi, masu baki suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Yaya ta ɗauke su duka. Zaren fim ɗin kuwa ba a ganin komai a kansa sai an kai Kaduna an wanke shi, don haka take rufe shi cikin gwangwanaye masu faɗi ta tura ƙarƙashin gado. Ta gargaɗe ni cewa haske kaɗan ya shiga, komai ya lalace.

Bayan haka gari ya ɗau zafi. Manoma suka fara tare hanyoyin da motocin aiki ke bi. 'Yan sanda suka cika Mafara, a tasha mutane suka koma magana ƙasa-ƙasa, yara a ajina suka ragu don iyaye na tsoron sakin su.

Wata safiya muna kan hanyar Maradun cikin Landirobar aiki sai muka tarar da gungumen icce a gicciye. Mutane suka fito daga cikin kara da sanduna da gatura, suka kewaye mu. Direba ya kashe mota. Wani ya leƙo ya ga kyamara a cinyar Yaya, ya ce wannan ce mai kai fuskokinsu ofis. Aka fara dukan jikin motar da tafin hannu. Cikin taron na hango kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda gonarsa na cikin waɗanda aka baje. Na kira shi.

Ya matso a hankali. Muka gaisa gaisuwa cikakka, ya tambayi gida da makaranta, kamar a zaurensa muke. Sannan ya juya ga Yaya.

"Baƙuwa, hoton da kinka yi muna gindin tsamiya, wa za shi ganin shi?"

Ta ce masa nufinta manyan ƙasa su gani, su ji kukansu da bakinsu.

"In waɗanda ke neman mu sunka riga su fa?"

Ta dube shi ido cikin ido. Sannan ta ce, "Baba, ba za a kama mutum ɗaya da hotona ba. Na yi maka alkawari."

Kawu ya daɗe yana kallonta. Ya ce wa mutanen ɗiyarsa ce tare da baƙuwarta, a bar su su juya. Ba a janye iccen ba, mu muka yi ribas muka koma Mafara.

Ba a jima ba wani jami'i ya yi sallama a ƙofar gidana da hantsi, shi da ɗan sanda. Cikin ladabi ya yi magana. Ya ce an ji tana da hoton taron Bakura, kuma duk abin da ta ɗauka da kayan aiki na masu aikin dam ne, za a aiko mota bayan la'asar ta kwashe gwangwanayen. Da zai tafi ya tuna mata cewa takardar zamanta a hannunsu take.

Na ba ta shawara mu ɓoye su a rumbun maƙwabta. Ta ce in aka bincika aka samu, ni da maƙwabtan za mu shiga ciki, kuma fuskokin na nan dai. Na ce to ta ware na taron kaɗai. Ta ce matan Maradun ma sun ambaci mazajensu da 'ya'yansu, sun faɗi wanda ya ce ba zai tashi ba.

Ta yi sallar azahar, ta fito da gwangwanayen tsakar gida inda rana ta fi ƙarfi. Ta ɓalle murfin na farko, ta warware zaren a kan igiyar shanya. Na riƙe mata ƙarshensa. Haka muka bi su har na ƙarshe, faya-fayan da ta naɗi muryoyin mutane kuwa ta jefa su a murhu. Ba ta yi kuka ba, amma da ta zo kan na tsohuwar nan mai tukwane sai da ta zauna a ƙasa ta huta. Na katafila da siminti kaɗai ta bari a rufe.

Da motar ta zo jami'in ya tsaya yana kallon igiyar. Ya tambaye ta ko ta san abin da ta jawo wa kanta, ta ce ta sani. Suka tafi da ita ofis, sai washegari aka sako ta, da umarnin ta bar ƙasa. Ni ma an kira ni an yi mini tambayoyi, daga baya aka mayar da ni wata makarantar ƙauye wajen Janbako.

Na raka ta tasha ta shiga motar Sakkwato, daga can ta tsallaka Nijar. Abin da ya faru a ƙauyukan nan bayan tafiyarta kowa a yankin ya sani: 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta. Kawu ya tsira da ransa, wasu da muka gani a gindin tsamiya ba su tsira ba.

Ta zauna Yamai ta ci gaba da aikinta, ta yi finafinai kan matan makiyaya da masu haƙar gishiri. Sau ɗaya na ziyarce ta, kanmu duka ya yi furfura. Ta sa aka haska mini ɗaya daga ciki a ɗakin aikinta, muka ci shinkafa da kifi. Ta tambaye ni mutanen Bakura ɗaya bayan ɗaya, tana kwatanta su da rawani ko tabon fuska don ba ta riƙe sunayensu ba, ni kuma ina gaya mata wanda ke raye da wanda ya rasu.