Ɗingishin Lorna Petrak

Shekara ashirin da shida Lorna Petrak ta yi tana faɗowa daga bene a madadin taurarin fim a Vancouver. Ni ke ɗaura mata igiya, ni ke shimfiɗa katifar da za ta faɗa a kai, don haka na san abin da sauran ba su sani ba: tun da ƙugunta ya goce shekara shida da suka wuce, ɗingishi take yi. A gaban mutane sai ta cije ta taka kamar soja, sai mun shiga mota ta saki ƙafar. A sana'armu, ranar da aka ga kana jan ƙafa, ranar za a daina kiranka.

Da aiki ya ja baya, wani ƙaramin kamfani ya ɗauke ta. Za ta yi tafiya da tsalle a gaban kyamara, su ba na'ura hoton, na'urar ta ƙirƙiro wata halitta ta ɗora mata motsin tiryan-tiryan. Fuska ba tata ba, jiki ba nata ba.

"Ke da ke dirowa daga hawa huɗu, yau kin koma 'yar tsana," na tsokane ta.

"Rufe min baki, tsoho. 'Yar tsana ba ta kwana a asibiti."

Kuskurenmu ɗaya, mu mutanen da ne. A wurinmu in darakta ya ce a tsaya, an tsaya, abin da ka yi bayan nan naka ne. Waɗannan kuwa ba sa kashe kyamara. Desmond, mai kamfanin, ya ce a huta, kowa ya fita shan kofi. Lorna ta duba ba kowa, ta ja ƙafa zuwa kujera dafe da ƙugu, tana tsayawa bayan kowane taku uku.

Bayan wata biyu tallar wani man zafi ta fito a talabijin. Tsohuwar agwagwa ce da tabarau, tana ɗingishi dafe da ƙugu, tana tsayawa bayan taku uku. Mutane suka yi ta dariya. Ni kam na tafi ofishin Desmond a fusace.

"Wa ya ba ka izini?"

"Haba maigida, ai ta sa hannu. Kuma wa zai gane ta? Agwagwa ce fa."

Sakarai kawai, ya ɗauka fuska ce mutum. Mu da muka ƙare rayuwa cikin kayan wasu da gashin wasu, da tafiya muke gane juna tun daga nesa. Lorna tana karkata kafaɗar hagu kafin ta juya, kuma agwagwar ma ta karkata.

Ranar Talata ina kicin ɗinta Gus Tremblay, mai rabon aikin faɗuwa, ya kira. Ya riga ya sa ta a wani fim na bazara, dirowa daga gada, aikin da ta shekara tana jira. Ta buɗe muryar wayar don in ji.

"Na ga agwagwarki," in ji shi. "Tun yaushe?"

"Wasan kwaikwayo ne, Gus. Abin da suka ce in yi ke nan."

Ya ce, "'Yar'uwa, shekara ashirin ina kallonki. Faɗuwa kin iya, amma ba ki taɓa iya wasa haka ba."

Ya ba wata daban aikin gadar. Tun daga ranar ba wanda ya sake kiran Lorna, agwagwar kuwa har yau tana aiki.