Bututun da Barmo Ya Rataye

Shekara talatin da ɗoriya Barmo ya yi yana gyaran birki da sitiyari a gindin wani dogon yaro kusa da tashar Gure. Bai tara komai ba sai suna: motar da ta fita daga hannunsa, in an taka birki tsayawa take yi. Da wannan suna yake taƙama.

Sai dai gyaran birki a Gure aikin ban haushi ne. Direbobin da ke shiga Bune da Gamu cikin rairayi suka koyi tuƙi, kuma rairayi ya sangarta su. Da ka ɗaga ƙafa daga totur mota ta tsaya da kanta, to ina ruwansu da birki? In bututun man birki ya huje, sai su sa guduma su daddake shi ya toshe, ƙafa ɗaya ta motar ta zauna ba birki, sauran ukun su ji da kansu. Kuma mutane za a loda a baya, har da masu goyo!

Wata ranar kasuwar Gidigir, Ma'azu mai tsohuwar a-kori-kura ya tsaya a gindin dogon yaron.

"Baba Barmo, ƙafar gaba ta dama na yoyo. Daddake mini kawai, mutane na jira a tasha."

Barmo ya shiga ƙarƙashi ya duba, ya fito yana huci. "Ma'azu, hanyar Gidigir kwalta ce, ba rairayin Bune ba. In ka taka, hagu za ta kama, dama ta ƙi, sitiyari ya ƙwace daga hannunka. Bari in sa sabon bututu, kafin azahar ka tafi."

"Kafin azahar ai kasuwa ta yi nisa, Baba."

Sa'a guda suna ja-in-ja. Barmo ya yi lallashi, ya yi faɗa, har iyayen Ma'azu ya ambata. A ƙarshe Ma'azu ya ja motarsa, ya zagaya bayan tasha, ya daddake bututun da hannunsa.

Ba su kai rabin hanya ba raƙumi ya ratso kwalta. Ma'azu ya taka, motar ta fizgi hagu kamar yadda aka faɗa masa, ta kife a rami. Allah ya tsare rayuka, amma Yabawa, wata dattijuwa mai sayar da dabino, ta karye a cinya. Har yau da sanda take tafiya.

Da aka tambayi Ma'azu, cewa ya yi, "Wallahi daga wajen Baba Barmo na fito." Bai yi ƙarya ba, kuma bai faɗi gaskiya ba, ɗan banza! Tasha kakaf ta ga motar a gindin dogon yaro, ta ga ƙafafun Barmo a ƙarƙashinta. Wa ya ga gudumar bayan tasha? Aka ce tsufa ya kama shi, hannu ya fara rawa. Motoci suka ɗauke ƙafa. 'Ya'yan Yabawa suka daina gaishe shi a masallaci, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Barmo ya je inda aka jawo motar, ya kwance bututun, ya kai tasha yana ɗaga shi.

"Ku duba! Shekara talatin, wa ya taɓa ganin na yi wannan ƙazantar?"

Suka ce, "A yi haƙuri, Baba, ƙaddara ce." Suka koma shan shayinsu.

Sai ya rataye bututun a reshen dogon yaron, daidai ido, don duk wanda ya zo ya ga abin da ya karya Yabawa, ya san ba aikinsa ba ne.

Bayan mako uku wata mota ta tsaya. Barmo ya miƙe da sauri, zuciyarsa fari ƙal, yana cewa a ransa gaskiya ta fara halinta. Direban, Yakubu mai hanyar Gamu, ya gaishe shi da ladabi, ya tsaya yana jujjuya bututun da ke reshe, yana gyaɗa kai.

"Kai, wannan ya daku da kyau, ko ɗigo ba zai yi ba," in ji shi. "Baba, irinsa nake so ka yi mini."