Kamu Ukun da Dogo Ya Ƙi Toshewa

Duk wanda ya bi bakin gulbi a bayan Gusau da hantsi zai tarar da Baba Dogo a kan madatsar ruwa, yana bin duwatsun ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da sanda. Wanda ya yi ƙarar da ba ta yi masa ba sai ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashinsa. Shekara shida ke nan kullum haka. Bana gwiwa ta ce ta gaji, zai koma gida Mada ya huta, kuma ni ban yarda ya tafi shiru ba.

Dogo maginin rijiya ne tun asali. Da aka tashi datse gulbin don garin ya sami ruwan rani, shi aka ba shugabancin magina. Shi ya bi masu share hanyar Tsafe yana nuna inda jaki mai ɗauke da dutse zai iya hawa da inda zai durƙushe. Mutanen Tsafe har yau suna cewa ba su taɓa ganin mai gardama irinsa ba, kuma a kan hanyar tasa suke tsaye suna faɗa.

Amma ba don hanya na ɗauki alƙalami ba. Ni ne tafinta a wurin aikin, abin da zan faɗa a gabana aka yi.

Da ginin tushe ya kai tsakiyar gulbi, sai Dogo ya bar wani wuri mai faɗin kamu uku, ya cika shi da tsakuwa zalla, babu siminti. Baturen da ke duba aikin ya gani, ransa ya ɓaci. A ganinsa tsoho ya yi kuskure, ya bar wa ruwa ƙofar gudu. Ya ce in gaya masa ya toshe, ko ya ajiye aikin.

Dogo ko gezau. Ya ce, "Malam, hwaɗa mai gulbi bai mutuwa da rani, ƙarƙashin rairai yaka tahiya. Matan yankin Bungudu rairan nan suka tonawa su ɗebi ruwa. In munka toshe har ƙasa, mi za su sha?"

Ba zan yi ƙarya ba, tsoro ya kama ni. Na sassauta maganar, na ce tsoho yana roƙon a sake dubawa. Dogo ba ya jin Turanci, amma ya ga maganata ta yi gajarta. Ya harare ni ya ce, "Ba haka nic ce ba. Hwaɗi duka." Kunya ta rufe ni, na faɗi duka.

Dogo da kansa ya kawo mafita. Ya ce a liƙe wurin da laka na kwana ashirin. In ramukan matan ba su ja baya ba, a zuba siminti, shi kuma ya kama hanyar gida. Mutum mai iyali goma sha ɗaya ne ya ɗora abincinsa a kan ruwan da ba shi zai sha ba.

Ana kwana goma sha bakwai sai ga wata dattijuwa, Inna Kulu, daga wani ƙauye na hanyar Bungudu, da mata shida a bayanta. Ta sauke tulu a gaban Bature, ta kifa shi, ko ɗigo bai faɗo ba. Ta ce, "Da can, iyakar gwiwar hannu muka tonawa. Yanzu mun tona har ƙugu, rairai busasshe. Wa yar riƙe muna ruwa?"

Wannan karon ban rage ko harafi ba. Baturen, a ba shi haƙƙinsa, ya ce a cire lakar. Dogo ne ya fara shiga da fartanya.

Baba Dogo, kai ne ka tsaya wa mutanen da ba ka san ko sunansu ba. Mai jin tafiyar ruwa a ƙarƙashin ƙasa! Gusau ta sha, ba a hana Bungudu ba, kuma babu wanda ya rubuta sunanka a jikin dutse ko ɗaya. Abin yana yi mini ciwo, shi ya sa na rubuta shi a nan.

Mun gode, Allah Ya ba gwiwa sauƙi, Ya sa ka huta lafiya. Ku kuma magina masu tasowa, in an ba ku aiki ku tambayi wanda ke ƙasa da ku a gulbi kafin ku ɗora dutse.

Makon jiya na je ƙauyen su Inna Kulu. Na same ta a gulbi tana cika tulu, na tambaye ta ko ta san wanda ya bar musu ruwan nan. Ta dube ni da mamaki ta ce, "Allah mana." Da na kai wa Dogo labari sai ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "To ai ta gane. Kada ka gyara mata."