Kujerar da Ke Bayan Hamidou

Duk ranar Talata da rana nakan kai Misis Pruitt kulob ɗin karta. Aikina ke nan. Ni Dinatu, 'yar Jos, da takardar koyarwa kwance a akwati, na ƙare a Amurka ina yi wa tsofaffin unguwar Irving Park wanka da tuƙi. Kulob ɗin wani zaure ne da suke haya a bayan jerin kantuna, kafet ɗinsa ya sha kofi har ya ƙoshi. Wasan da suke yi sunansa birij.

Mutum huɗu ke zama a tebur, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokin wasansa. Ba caca ba ce, maki kawai suke tarawa, amma in ka ga yadda suke tamke fuska sai ka rantse gado ake rabawa. Kuma ba a magana. Ko abin da kake son faɗa game da kartarka, akwai ɗan akwati a gabanka cike da katuna, sai ka zaro ɗaya ka ajiye, abokinka ya karanta, abokan hamayya ma su karanta. Mu 'yan rakiya kujerunmu na jikin bango, kusa da tulun kofi. Nan nake miƙe ƙafafuna da suka kumbura, in yi gyangyaɗi in na samu.

A nan na fara ganin Malam Tahirou, cikin shekara ta dubu biyu da shida. Dogo ne siriri, kafaɗunsa sun ranƙwafa, idanunsa jajur kamar bai taɓa barci ya ishe shi ba. Ya shigo yana tallafe da wani gajeren dattijo mai hula, wanda ke jan ƙafar dama, hannun dama kuma a naɗe a ƙirji. Sai na ji dogon ya ce, "Sannu-sannu, malam makaranta, ba kora ake ba." Hausa a wannan zaure! Barcin idona ya watse nan take.

Da muka saba ne na ji labarinsu, guntu-guntu, a bakin tulun kofi. Su biyun 'yan Maraɗi ne, unguwarsu ɗaya, tare suka tashi. Tahirou makanike ne a gida. Hamidou, mai hular, malamin lissafi ne, kuma bisa ga faɗar Tahirou ba a taɓa yin mai surutu irinsa ba a ƙasar Katsinar Maraɗi. Tare suka zo Amurka. Hamidou ya shiga masana'antar kujeru, ya kawo matarsa Aissa da 'ya'ya. Tahirou ya kama tuƙin motar da ke raba wankakkun zannuwa a asibitoci, daga asuba har rana ta take, da yamma kuma yana share ofisoshi. Matarsa Fassouma tana can Maraɗi. Kullum cewa yake baɗi zai koma, kuma tun da na san shi baɗin nan ba ta iso ba.

Sai ɓarin jikin Hamidou ya shanye. Ya tashi da ransa da hankalinsa, amma magana ta tafi. Kalma ɗaya ba ta fita daidai.

"Abin da ya kusa kashe shi ba ciwon ba ne, Dinatu," in ji Tahirou. "Mutanenmu ne da tausayinsu. Su zo gaisuwa su riƙa yi mai ihu kamar kurma. Ko su zauna kansa suna hira da matarsa, shi yana nan kamar kabad. Na tara mai abokai mu yi belot, don ya saki rai. Sai suka riƙa bari yana ci. Mutumin da ya koyar da lissafi! Ya gane, ya share kartar da hannu, ya juya ya fuskanci bango. Wata guda ko ƙofa bai leƙa ba."

Belot ita ce kartar da suke yi a fadarsu ta Maraɗi, wato dandalin da abokai ke taruwa ana shan shayi. Wata ma'aikaciyar asibiti mai motsa wa Hamidou gaɓoɓi ce ta ba su labarin kulob ɗin, ta ce akwai wasan da ba ya bukatar baki, kuma ana koya wa sababbi. Tahirou ya sadaukar da barcin ranarsa na Talata. Yana tashi daga aiki sai ya wuce unguwar East Greensboro, ya yi wa Hamidou wanka da aski, ya sa masa hula, ya kawo shi. Shi kansa wasan bai taɓa burge shi ba. Ya ce mini, "Wannan ai belot ce aka kai boko, ta dawo ba ta gaida mutane." A birij akwai lokacin da ɗaya daga cikin abokan wasa zai baje kartarsa a tebur ya naɗe hannu, ɗayan ya buga duka. In abin ya zo kan Tahirou, kafin a jefa karta biyu kansa ya langaɓe. Sau tari sai Hamidou ya taɓa shi da sanda ta ƙarƙashin tebur.

Amma Hamidou ya farfaɗo, ni shaida ce. Aka ba shi wani katako mai tsaga da yake jera kartarsa a ciki, yana zarowa da hagu. Tsofaffin nan kuwa ba ruwansu da wani tausayi. In sun samu dama kayar da shi suke yi warwas, su ce masa na gode, su wuce tebur na gaba. Wannan rashin imanin nasu shi ne maganinsa. A duk garin nan, wurin nan kaɗai ne shirunsa bai bambanta shi da kowa ba, tunda kowa shiru yake yi. Aissa ta gaya mini tun daren Litinin yake nuna mata hular da zai sa.

Da suka goge sai suka fara ci. Ni da ke jikin bango na riga kowa ganin abin. Hamidou zai duba kartarsa, ya ɗan gyara hula. Tahirou ya ja kunnensa na hagu. Hamidou ya shafi gira, Tahirou ya yi gyaran murya. Ba ɓoyewa suke yi ba ma. Wani lokaci har murmushi ke kufce wa Hamidou ta gefen bakin da ke motsi, Tahirou ya kau da kai yana danne dariya. A ranakun nan ko gyangyaɗin ba ya yi.

Na tambayi Tahirou, ya ce, "Taɓa hula, yana da as, babbar karta ke nan. Jan kunne, na ji. Shafar gira, ka zo mini da karo, jar kartar nan mai kusurwa huɗu. Tun muna samari muke yi. Mi ne a ciki?"

Na ce, "Malam Tahirou, anya mutanen nan za su yarda?"

Ya dube ni kamar na ce kada a sa gishiri a miya. "A fadarmu duk wanda bai iya karanta fuskar abokinsa ba, shi ke wanke kofunan shayi. Kowa na yi, kowa na ƙoƙarin kama na wani. Wasan ke nan, Dinatu. In ba haka ba mi ya sa aka zaunar da mu muna kallon juna?"

Ban ja ba. Na gaji a ranar, kuma gaskiya abin yana ba ni sha'awa.

Ba a jima ba wasu mata biyu 'yan kulob ɗin daga garin Pleasant Garden suka kai ƙara wurin darakta, wato mai kula da dokokin wasa. Wani farin dattijo ne mai sanyin magana, ba mugu ba. Bayan an tashi ya kira su gefe, ya roƙe ni in yi tafinta don kada a samu rashin fahimta. Ya ce a birij, duk abin da za ka gaya wa abokinka dole ya bi ta kartar da kowa ke gani. Alama da hannu ko da fuska babban laifi ne, sunansa maguɗi. Ya ce ya san ba da mugun nufi suka yi ba, amma in bai tsaya ba, ba zai iya barinsu su ci gaba da zama a tebur ba.

Kalmar maguɗin nan ta yi mini nauyi a baki, amma na faɗe ta. Tahirou ya yi tsaye, jijiyar wuyansa ta tashi. "Maguɗi? Ni? Ki ce mai ko allura ban taɓa ɗauka ba a ƙasar nan." Sai ya dubi Hamidou. Hamidou ya fi shi jin Turanci, ya riga ya gane. Bai dubi kowa ba, teburin da suka tashi daga kai yake kallo, hannunsa na hagu ya damƙe sandar. Nan fushin Tahirou ya sace. Ya ce da darakta da bakinsa, "Okay, sir. Finish. No more."

Talatar da ta biyo baya ita ce mafi muni da na gani a zauren nan. Tahirou ya kafe idonsa a kan kartarsa, ya ƙi ɗagowa. Hamidou kuwa hannunsa ya saba, ya kai kan hula, ya jira. Ba jan kunne. Ya sake. Abokin nasa yana sunkuye, irin sunkuyon da masu zuwa dubiya ke yi in ba sa son haɗa ido da shi. Na ga fuskar Hamidou tana rufewa a hankali. Duk da haka suka ci, kuma matan nan biyu suka riƙa kallon juna.

Da aka tashi Tahirou ya zube a kujerar da ke kusa da ni.

"Ba za ta yiwu ba," ya ce. "Ko na rufe ido, numfashinsa nake ji. In karta ta yi mai kyau, yadda yake ajiye sanda ma daban ne. Tun ba mu da gemu nake karanta mutumin nan, yau ta yaya zan mance? In na zauna gabansa, ko ban so ba maguɗin nan dai zan yi. Su kore mu, ya koma ya fuskanci bango."

Na ce, "To ku yi belot ɗinku a gida mana, ku biyu."

"Belot da mutum biyu? In ba a ɓoye wa kowa ba, alama ba ta da daɗi." Ya murza idanunsa. "Kin sani, a gida in ya nuna kofi na san ruwa yake so. In ya nuna ƙofa na san ban ɗaki. Wannan ba hira ba ce. A teburin can ne kawai yake gaya mini abin da ban sani ba, ni kuma in ba shi amsa. Hirar da ta rage mana ke nan."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan ji haushi. Darakta yana kan gaskiyarsa. Matan nan ma suna kan tasu. Na ji haushin kafet ɗin, da tulun kofin, da ƙasar baki ɗaya.

Sai Tahirou ya ce, "Tsohuwarki, na ji abokiyar wasanta ta koma wurin 'yarta. Ki tambaye ta ko za ta ɗauki Hamidou."

Misis Pruitt ba ta yi wata-wata ba. Ta ce ta lura da shi, ya iya lissafin karta, kuma ba ya surutu, abin da ba ta samu ba wajen abokiyarta ta da. Ban san yadda Tahirou ya yi wa Hamidou bayani a mota ba, bai gaya mini ba, ni kuma ban tambaya ba. Darakta ya ce zai sama wa Tahirou wani abokin wasa. Ya ce a'a, ya gode, shi dama barci yake ji.

Tun daga nan Tahirou ya zama ɗan jikin bango irina. Har yanzu shi ke tashi daga aiki ya je ya yi wankan da askin, ya sa hular. In ya zaunar da Hamidou, ya jera masa katakon, sai ya ɗauki kujerarsa ya kai inda bayan Hamidou yake, don kada su ga juna. In Hamidou ya canza tebur, shi ma ya ja kujerar ya bi bango. Na ɗauka yanzu zai samu barcin da yake nema. Ba ya yi. Zama yake da kofin kofi yana hucewa a hannunsa, yana kallon ƙeyar abokinsa.

Wata Talata cikin bazara ina kusa da shi aka raba karta. Hamidou ya jera tasa, ya duba. Sai hannunsa na hagu ya tashi a hankali ya taɓa hula, ya ɗago kai ya dubi gabansa. Misis Pruitt tana gyara tabarau, tana lissafin nata, ba ta ma san an yi ba. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya sauke hannun, ya zaro kati daga akwatin ya ajiye, kamar kowa.

Na waiwaya. Hannun Tahirou ya kusa kai kunnensa. Ya kama shi da ɗaya hannun ya mayar kan cinya, ya danne.

"Yana da as," ya ce mini ƙasa-ƙasa.

Ya ci gaba da danne hannun har aka gama zagayen.